Yadda Ake Tsara Gobe a Tashar Kwana-Kwana ta 'Yan Sa-Kai

Idan aka ɗora maka nauyin rubuta tsarin shekara biyar ko goma na tashar kashe gobara ta 'yan sa-kai, abu na farko da za a miƙo maka shi ne rajistar mambobi. Karɓi, ka yi godiya, ka ajiye ta gefe. Rajista sunayen waɗanda suka taɓa cike takarda ta ƙunsa, har da wanda ya ƙaura wata jiha da wanda gwiwa ta zaunar. Ba za ta gaya maka wanda zai fito ranar Talata da ƙarfe 10 na safe ba, idan hayaƙi ya turnuƙe kicin ɗin wata tsohuwa. Tsarin gaba ɗaya kuwa a kan wannan sa'ar ake gina shi.

Ni sakatare ne a wata tasha irin wannan a kewayen birnin Filadelfiya, jihar Fensilbaniya, ina kuma cikin masu shiga wuta idan an kira. Ga wanda ya saba da gida, inda kwana-kwana aikin gwamnati ne mai albashi, sai na ɗan share fage. A Amurka mafi yawan masu kashe gobara ba a biyansu. Alƙaluman NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kare gobara a Amurka, na 2020 sun nuna 'yan sa-kai 676,900 ne, wato kusan kashi 65 cikin 100 na duk masu aikin. Al'adar tsohuwa ce, a nan Filadelfiya Benjamin Franklin ya kafa tasa ƙungiyar tun 1736. Sai dai a 1984 adadin 897,750 ne, kuma daga shekarun 1980 zuwa yau kiran gaggawa ya ninka kusan sau uku. Jiharmu ma ta ji a jiki: rahoton da aka miƙa wa majalisar jiha a 2018 ya ce daga kusan 300,000 a shekarun 1970, saura kusan 38,000. Kewayen birni kuwa shi ne inda abin ya fi tsanani, domin mutane sun yi yawa, motoci sun yi yawa, amma kowa da safe ya kulle gida ya tafi aiki wani gari.

Ka ƙirga masu fitowa

Je cibiyar amsa kiran 911, lambar kiran gaggawa, ta gundumarku ka nemi bayanan kowane kira na shekara uku zuwa biyar da suka wuce. Suna da su, har daƙiƙa. Abu huɗu kake so a kan kowane kira: lokacin da aka tayar da ku, lokacin da mota ta farko ta fita, lokacin da ta isa, da mutum nawa ke cikinta. Na huɗun ne yakan ba da wahala, don sau da yawa sai ka koma takardun tasha da aka cike da hannu, wasu ma da dare cikin magagin barci. Daure ka bi su. Sannan ka raba mako gida uku: ranakun aiki daga 6 na safe zuwa 6 na yamma, dararen ranakun aiki, sai Asabar da Lahadi.

Kada ka yarda da matsakaicin lissafi. Idan da dare kuna fita cikin minti 4, da rana kuma minti 12, matsakaici zai ba ka 8, kowa ya yi tafi, alhali babu ranar da kuka taɓa fita a minti 8. Ma'aunin da ake amfani da shi ga 'yan sa-kai shi ne NFPA 1720, kuma tambayarsa daban ce: sau nawa cikin ɗari kuka cika sharaɗi? Inda mazauna suka kai 500 zuwa 1,000 a murabba'in mil, ana son mutum 10 su hallara a wurin gobara cikin minti 10, a kashi 80 cikin 100 na kiran. Inda suka haura 1,000, sharaɗin ya koma mutum 15 cikin minti 9, a kashi 90. Ka lura da wannan iyakar da kyau. Garuruwa da yawa sun tsallaka ta tuni, rukunin gidaje biyu ko uku kawai aka gina a kan tsohuwar gonar masara, amma har yanzu suna auna kansu da ma'aunin ƙauye na mutum 6 cikin minti 14.

Ga yadda abin yake a zahiri da rana. Na'urar kira ta yi ƙara. Direbanmu ɗan fansho ne, gidansa kusa, shi ke fara isowa. Ya ɗaga ƙofar gareji, ya tayar da injin, ya zauna a kujera da hannu ɗaya a kan sitiyari yana kallon titi ta madubi. Wani ya iso da kayan aikin gyaran famfo a jikinsa, ya zura wando da takalmi a guje. Su biyu ke nan. Rediyo ta sake kira a karo na biyu. Direba ya dubi agogo, ya dubi titi. Daga nan ka ji mai rarraba kira ta tura motar maƙwabta. A takarda an rubuta an amsa kira, gaskiya ne, amma ba mu muka amsa ba. Irin wannan kiran ka ware masa layi na musamman ka ƙirga shi daban, domin shi ne alƙalamin da ya fi kowane magana.

Me ya sa ba za su tafi su biyu ba? Za su iya tafiya, amma ba za su shiga ba. Ƙa'idar da OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta shimfiɗa a 1998, wadda kusan kowace tasha ke bi, ta ce mutum biyu a ciki, mutum biyu a waje cikin shiri, sai fa idan an tabbata akwai rai da za a ceto nan take. Wuta kuma ba ta jira kamar da. Gwaje-gwajen UL, cibiyar gwajin amincin kayayyaki, sun nuna ɗakin da aka cika da kujerun soso da roba irin na yanzu yakan kama gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 5, alhali mai kayan katako da auduga irin na da yakan kai wajen rabin sa'a.

Yanzu ka ɗauko rajistar nan. A gaban kowane suna ka rubuta ko yana da takardar shiga wuta da tukunyar iska a baya, ko yana iya tuƙa babbar mota da sarrafa famfonta, shekarunsa, da inda yake yini. Za ka ga 'yan mutane ƙalilan ne ke ɗauke da rabin aikin. Ware sunayensu, ka ƙara wa kowanne shekara biyar. Wane zai haura 70? Wane zai yi aure ya nemi gida? Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, don kuɗin gida a garinmu ya fi ƙarfin matashin da muka horar tun yana ɗan shekara 16, sai ya ƙaura inda zai iya biya, tashar can ta tsinci dami a kala. Kada ka yi hasashe, ka same su ɗaya bayan ɗaya a keɓe ka tambaya. A taro kowa zai ce yana nan daram. A wajen ajiye motoci ne za ka ji gaskiya.

Ka leƙa ofishin tsara gari

Mutane kaɗan ne ke yin wannan, ga shi kuma kyauta ne. Duk ginin da za a yi nan da shekara biyar, taswirarsa na kwance a ofishin tsara gari na ƙaramar hukuma tun yanzu. Zauna da jami'in, ku bi su. Ba yawan gidaje kaɗai za ka duba ba, irinsu za ka duba. Gidan kula da tsofaffi guda ɗaya zai iya fin unguwa sukutum yawan kira, galibi faɗuwa ce da ciwon ƙirji da neman a ɗaga wanda ya kasa tashi. Rukunin gidajen 'yan shekara 55 zuwa sama zai kawo kira, ba zai kawo ko ɗan sa-kai ɗaya mai shiga wuta ba. Katafaren sito a bakin babbar hanya ba ya yawan kira, amma ranar da ya kama sai an tara gunduma. Bene mai hawa huɗu na katako yana buƙatar motar tsani da mutanen da za su hau ta. Ka tambaya kuma ko ginin zai samu famfunan rufi masu fesa ruwa da kansu, domin a 2011 jiharmu ta cire wannan wajibci daga sababbin gidaje masu zaman kansu, ta bar shi a kan gidajen da ke jere manne da juna.

Hukumar ƙidaya ta ƙasa tana da shafin intanet mai suna OnTheMap da ke nuna inda mazauna gari ke zuwa aiki, da inda masu aiki a garin suke fitowa. Duba shi. Watakila 'yan garinku sun fice da rana, amma 'yan wasu garuruwa sun shigo, cikinsu har da masu takardar kashe gobara daga tasharsu ta gida. Waɗannan mambobin rana ne da ba a taɓa gayyata ba.

Abin da za ku yi da abin da za ku bari

A faɗin Amurka gobara ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na kiran da tashoshi ke amsawa ba, kusan kashi biyu cikin uku na rashin lafiya ne. Saboda haka tambayar ko za ku riƙa fita kiran marasa lafiya ita ce ke yanke yawan mutanen da kuke buƙata fiye da kowace tambaya. Ra'ayina, tashar da ke fama da rana ta taƙaita kanta ga inda minti ke nufin rai: bugun zuciya ya tsaya, numfashi ya ɗauke, hatsarin mota, jini mai yawa. Sauran a bar wa masu motar asibiti. Idan kuma kuna tunanin buɗe naku sashen motar asibiti don a samu kuɗin shiga, ku yi lissafi sau biyu. Inshorar tsofaffi ta Medicare ba ta cika biya ba sai an ɗauki mutum an kai shi, kuma abin da take biya ba ya rufe kuɗin zaman jira na dare da rana.

Ayyukan ƙwarewa na musamman suna da daɗin sha'awa. Bayan ambaliyar da ragowar guguwar Ida ta jawo a Satumba 2021, lokacin da kogin Schuylkill ya shanye tituna, kusan kowace tasha a yankinmu ta fara maganar sayen kwale-kwale. Kwale-kwalen ba shi ne tsada ba. Tsadar ita ce mutanen da za su riƙa sabunta horo kowace shekara a cikin ruwan sanyi, kuma su ne dai mutanen nan ƙalilan da ka ware sunayensu ɗazu. Ceto daga ruwa, daga rami, da malalar sinadarai masu guba, a bar su ga rundunonin gunduma, ku tura musu mai sha'awa. Ku rubuta a tsarin ƙarara cewa ba ku yin su, don kada sabon shugaba ya zo gobe ya sayo kayan.

Akwai kuma hanyar rage kiran tun daga tushe. Ƙararrawar ƙarya daga gini ɗaya da ke ta tayar da ku ƙarfe 3 na dare, dokar tara ta ƙaramar hukuma ke maganinta. Gidan tsofaffin da ke kiranku don ɗaga wanda ma'aikatansa ya kamata su ɗaga, a zauna da shugabanninsa. Sanya wa mutane na'urar gano hayaƙi ma aiki ne da ba ya buƙatar takardar shiga wuta, kuma kusan uku cikin biyar na masu mutuwa a gobarar gida, a gidajen da babu na'urar ne ko akwai amma ba ta aiki.

Matakan ɗaukar ma'aikata

A nan ake kai ruwa rana. Da an ambaci albashi a ɗakin taro, sai ka ga fuskokin dattawa sun canza, suna jin kamar an ce sun gaza. Kada ka kawo maganar a matsayin zaɓi tsakanin sa-kai da albashi. Tsakanin biyun akwai matakai da yawa, kuma tasha za ta iya shekara goma a kan ɗaya.

Mafi araha shi ne jadawalin kwana. Maimakon kowa ya jira kira a gida, a raba darare, mutum huɗu su kwana a tasha. Lokacin fita ya faɗo zuwa minti ɗaya ko biyu, wanda ba ranarsa ba kuma ya kashe na'ura ya yi barci da iyalinsa. Matasan yanzu sun fi son wannan, suna so su san ranar da ake bukatarsu. Ni na kan karɓi daren Kirsimeti da na Ista, su kuma su riƙe mini ranakun Sallah, a watan azumi ma su bar mini dare. Sharaɗinsa dai a samu ɗakin kwana mai tsabta, da banɗakin mata daban, da intanet mai ƙarfi. Intanet ɗin kada ka raina shi: mai aiki daga gida zai iya kawo kwamfutarsa ya yini a tasha, ka samu mutumin rana ba ka biya sisi ba.

Sama da wannan akwai zaunar da ɗalibai a tasha, su samu ɗaki kyauta su riƙa amsa kira. Tashoshin gundumar Prince George's a jihar Merilan sun daɗe suna yi. Yana aiki idan akwai kwaleji kusa, idan kuma akwai babba mai tsawatarwa. Sai kuma ma'aikatan ƙaramar hukuma, masu gyaran hanya da share dusar ƙanƙara: a horar da masu so, a yarda su ajiye shebur su fito idan an kira da rana, albashinsu na tafiya. Sai ɗan ihsani na kowane kira ko kowane dare. A nan a yi hattara da dokar ƙwadago ta tarayya. Ma'aikatar ƙwadago tana ɗaukar ihsanin a matsayin na alama ne muddin bai wuce kashi 20 cikin 100 na abin da za a biya cikakken ma'aikaci ba. Ya wuce, ɗan sa-kai ya zama ma'aikaci. Dokar kuma ta hana ma'aikaci ya dawo ya yi wa wanda ke biyansa irin aikin nan kyauta da dare, don haka idan ka ɗauki gwarzon tasharka aikin rana, watakila ka rasa shi da dare. Ku ga lauya kafin ku sa hannu.

Daga nan sai albashi sosai, kuma a nan ka fito da lissafi kowa ya gani. Kujera ɗaya a mota, daga 6 zuwa 6, Litinin zuwa Juma'a, sa'o'i 60 ne a mako. Kujera huɗu 240, wato ma'aikata 6 masu sa'o'i 40, ba a ma sa hutu da jinya ba. Idan dare da rana ake so, kujera ɗaya sa'o'i 8,760 ce a shekara. Doka ta yarda ɗan kwana-kwanan gwamnati ya yi sa'o'i 53 a mako kafin a fara biyansa kuɗin ƙarin lokaci, wato 2,756 a shekara. Raba ka gani, mutum uku da ɗoriya, idan an haɗa hutu da horo ya doshi huɗu. Mota ɗaya mai mutum huɗu ke nan ta ci kusan ma'aikata 16. Na sha ganin ɗakin taro ya yi tsit a wannan gaɓar. Amfanin lissafin biyu ne: yana nuna wa masu riƙe da kuɗi darajar abin da suke samu kyauta, yana kuma nuna musu cewa kashe 'yan dubbai don riƙe ɗan sa-kai ba almubazzaranci ba ne.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce a rubuta alamar hawa kowane mataki tun yanzu, ana cikin sanyin kai. A ce, misali, idan wata shida a jere kiran rana da kuka kasa fita ya haura ɗaya cikin goma, a ɗauki direba mai albashi a kasafin kuɗi na gaba. Idan masu shiga wuta da ke zaune a gari suka ragu ƙasa da adadi kaza, a hau mataki na gaba. Adadin naku ne, ku yi ja-in-ja a kansa yadda kuke so, amma a sa hannu, tasha da ƙaramar hukuma duka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Garin da bai yi haka ba, gawa ce ke yanke masa shawara, cikin fushi da kyamarorin talabijin, kuma a irin wannan yanayin 'yan sa-kai ake fara zubarwa.

Ranar da ma'aikaci na farko ya zo, a riga an rubuta wa yake ba wa umarni, wa ke ba shi. Horo ɗaya, kaki ɗaya, kujerar gaba ta wanda ya cancanta ce ko ana biyansa ko ba a biya. Inda aka mayar da ɗan albashi mai wanke mota da goge ƙasa, ko aka mayar da 'yan sa-kai masu naɗe mesa bayan an gama, ɗaya daga cikinsu zai tafi.

Riƙe wanda ya shigo

Kowa na maganar jawo sababbi. Ni abin da na gani, ƙofar fita ta fi ta shiga faɗi. Saurayi ya zo daren atisaye karo na farko, ya tsaya jikin bango hannu a aljihu, tsofaffin hannu suna can suna hira a bayan mota, ba wanda ya ce masa sannu. Ya zo sau biyu, ba a sake ganinsa ba. A naɗa mutum guda wanda aikinsa kawai ya kira duk wanda ya cike takarda cikin kwana biyu, ya tarbe shi a ƙofa, ya haɗa shi da mai koya masa. Horon farko ya haura sa'o'i 150 a wajenmu, na ba da agajin lafiya ma kusan haka, ga mai aiki da iyali wannan ba wasa ba ne. A nemi ajin da ake yin wani ɓangare ta intanet, a biya masa mai, a ciyar da shi.

Ka kuma cire wa masu shiga wuta aikin neman kuɗi. Mutumin da ya zo don ya ceci rai, ka tsayar da shi Asabar guda yana gasa kaji ko yana miƙa takalmi a mararraba ana jefa masa canji, ba zai daɗe ba. Daren cacar bingo ni dama ba na zuwa, sun sani, wajen kajin nake biyan bashina. Akwai akanta ɗan fansho, da uwa mai iya rubuta takardar neman tallafi, da matashi mai iya Facebook, duk za su taimaka idan an ce musu ba sai sun sa hular kwano ba. Dattawan da suka daina shiga wuta ma suna da wuri: tuƙi, tsare hanya, koyar da yara 'yan shekara 14 zuwa 17.

Sauran abubuwan jan hankali ba sa kawo mutum, amma suna riƙe shi. Dokar jiharmu ta 2016 ta ba ƙananan hukumomi damar rage wa 'yan sa-kai haraji. Akwai shirin ɗan fansho na tsawon hidima da ake kira LOSAP. Gwajin lafiya na shekara-shekara kuwa wajibi ne a kasafi, don zuciya ce ke kan gaba wajen kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki, kuma a 2022 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa wannan aikin cikin masu haddasa cutar. Injin wanke kayan wuta ba ado ba ne.

Motoci, maƙwabta da kuɗi

Ƙirga motocin da za ku iya cikawa da mutane a lokaci guda, ka kwatanta da waɗanda ke gareji. Yawancin tashoshin kewayen birni suna da ƙarfe fiye da mutane. Motar famfo sabuwa yanzu ta doshi dala miliyan 1, ta tsani ta kai miliyan 2, kuma bayan an ba da oda a kan jira shekara uku ko fiye. Shawarar NFPA ita ce mota ta koma ta ko-ta-kwana a shekara 15, ta yi ritaya a 25. Kayan jiki shekara 10 ne daga ranar da aka ƙera su, tukunyar iska 15. Jera komai da shekarar mutuwarsa, ka raba kuɗin. Motar miliyan 1 da za ta yi shekara 20 tana nufin a ajiye dala 50,000 duk shekara, ba a sa tashin farashi ba. Wadda ba ku iya cikawa, ku sayar. Kafin ku rufe ko ku matsar da tasha dai ku duba makin ISO, wato makin ingancin aikin kashe gobara na gari, wanda kamfanonin inshora ke la'akari da shi, domin gidan da ya yi nisan fiye da mil 5 daga tasha makinsa yakan faɗi.

Da maƙwabta, a wuce matakin "ku kira mu idan kun rasa" zuwa yarjejeniyar da za a tayar da tashoshi biyu ko uku lokaci guda a duk gobarar gida, kuma mafi kusa ya fara zuwa ko iyakar wa ce. Ma'aunin mutum 10 ɗin nan ya yarda a ƙirga su. Ma'aikatan rana ma ana iya haɗa kuɗi a ɗauka tare. Maganar haɗe tashoshi kacokan tana tayar da ƙura, kowa na kishin sunan da kakansa ya rubuta a jikin mota. Ka fara da atisaye tare da sayen kaya tare, sauran ya biyo baya.

Daga cikin tallafin tarayya na FEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, akwai iri biyu: AFG na kayan aiki da horo, SAFER na ɗaukar ma'aikata da neman 'yan sa-kai. SAFER na albashi shekara uku ne. Idan ba a nuna inda kuɗin shekara ta huɗu zai fito ba, kada a nema.

Idan ka gama, tsarin kada ya wuce abin da kansila zai karanta a zama ɗaya, da shafi guda a gaba mai ɗauke da alƙaluman rana da na dare gefe da gefe. Tun 2008 dokar jiharmu ta fito fili cewa alhakin tabbatar da aikin kashe gobara da na gaggawa yana wuyan ƙaramar hukuma, don haka ba bara ka je yi ba, rahoto ka kai wa masu alhaki. Ana amincewa da kasafin kuɗi kafin ƙarshen Disamba, amma a watannin Satumba da Oktoba ake rarraba shi, saboda haka ka kai naka tun Yuli. Ka nemi a sa ku a ajandar taron jama'a, Cif, wato shugaban tasha, ya yi magana, ma'aji ya zauna kusa da shi da takardun banki. Kafin a tashi, a sa watan da za a sake ciro alƙaluman 911 baɗi, a kuma rubuta sunan wanda zai ciro su a cikin bayanan taron.